Kashi nawa, kuma na wane haske? Yadda ake auna ingancin ƙwayar sola

A shekarar 1999, masu bincike a Jami'ar New South Wales da ke Sidni a Ostireliya suka ƙera wata ƙaramar ƙwayar sola ta silikon, faɗinta murabba'in santimita 4 kacal. Da aka auna ta, aka samu tana mayar da kashi 24.7 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa wutar lantarki. A lokacin babu ƙwayar silikon da ta kai ta a duniya. Shekara tara bayan haka, a 2008, sai aka sanar cewa ingancinta ya koma kashi 25. Ba a sake ƙera ta ba, ba a ƙara mata komai ba. Ma'aunin ne ya canza. Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya ta sabunta bayanin irin hasken ranar da ake gwaji da shi, kuma sabon bayanin ya ɗan ƙara nauyi ga launukan da wannan ƙwaya ta fi sauran iya kamawa.

Babu maguɗi a cikin wannan, kuma shi ya sa labarin ke da amfani. Duk lambar inganci da ka gani a bayan farantin sola ko a kanun labarai, amsa ce ta tambaya mai sharuɗɗa da yawa: a wane haske, a wane zafi, a kan wane faɗi, kuma cikin tsawon wane lokaci? Idan an faɗi sharuɗɗan, lambar tana daga cikin mafi amfani a harkar makamashi, domin da ita ake kwatanta aikin ɗakin bincike na Jamus da na Japan, da ita ake sa wa faranti daraja, da ita ake gane fasahar da ta cancanci a zuba mata jari. Idan aka ɓoye sharuɗɗan kuwa, lambar ba ta gaya maka komai.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ka ɗauki ƙarfin lantarkin da ya fito, ka raba shi da ƙarfin hasken da ya shiga. A ce faranti mai faɗin murabba'in mita 2 yana samun haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, wato wat 2000 ke nan gaba ɗaya. Idan ya fitar da wat 400, ingancinsa kashi 20 ne. Wahalar tana wajen samo waɗannan lambobi uku, ƙarfin haske da ƙarfin lantarki da faɗi, domin kowace a cikinsu tana da hanyar da take bi ta ɓatar da mai awo.

Haske ne ya fi cin rai, saboda rana ba ta ba da abu iri ɗaya sau biyu. A wajen sararin iskar da ta lulluɓe duniya, ƙarfin haskenta ya kai wat 1361 a kan murabba'in mita. Kafin ya iso ƙasa, iska ta warwatsa wani ɓangare na shuɗin, tururin ruwa ya shanye wasu yankuna na hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani, ƙura da hayaƙi su ma sun ɗebi nasu. Yawan abin da ya ɓace ya danganta da tsawon tafiyar da hasken ya yi a cikin iska. Idan rana tana tsakar ka, hasken ya ratsa kaurin iska sau ɗaya. Idan ta karkata, tafiyar ta ƙara tsawo, hasken ya raunana kuma ya ja zuwa ja. Saboda haka masana suka tsayar da rana guda ta yarjejeniya, wadda ake kira AM1.5: hasken da ya ratsa kaurin iska sau ɗaya da rabi, wato rana ta karkace da kimanin digiri 48 daga tsakar ka, ya sauka a kan fuskar da aka jingina digiri 37, har da hasken da ke watsowa daga sauran sassan sama. An zaɓi wannan yanayi ne don ya wakilci matsakaicin abin da ake samu a Amurka, daga baya duniya ta karɓe shi. An rubuta shi a matsayin dogon jadawali, kowane launi da yawan ƙarfinsa, jimillar ta zama wat 1000 a kan murabba'in mita. Sai aka haɗa da sharaɗin cewa zafin ƙwayar kanta ya tsaya a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. Waɗannan ukun su ne sharuɗɗan gwaji na bai ɗaya, da ake rubutawa STC a jikin faranti.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake damuwa da launi? Ai wat 1000 wat 1000 ne. A wajen abin da ke juya haske zuwa zafi, haka ne. A wajen ƙwayar sola kuwa, ko kusa. Haske yana zuwa ne a ɗaiɗaikun ƙunshi da ake kira foton, kuma ƙarfin kowane foton ya danganta da launinsa: shuɗi ya fi ja ƙarfi, ja ya fi na bayansa. Domin foton ya 'yantar da ilektaron guda a cikin silikon, sai ƙarfinsa ya kai wani mizani, kimanin ilektaron-bolt 1.12, wanda ya yi daidai da haske mai tsawon zango kusan nanomita 1100, wato hasken bayan ja (da tsawon zango ake bambanta launuka, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wanda bai kai ba, wucewa yake yi bai haifar da komai ba, kuma irin wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin hasken rana. Wanda ya zarce mizanin, ilektaron ɗaya dai yake 'yantarwa, rarar ƙarfinsa ta zama zafi nan take, kuma wannan asara ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Kafin a zo ga wata matsala ta ƙira, kusan rabin hasken ya riga ya tafi.

A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka yi lissafin iyakar da ƙwaya mai mahaɗa ɗaya, wato mai hawa ɗaya na sinadarin kama haske, za ta iya kaiwa, suka sami kusan kashi 30. Da aka maimaita lissafin da jadawalin AM1.5, iyakar ta tsaya a kusan kashi 33.7 ga sinadarin da mizaninsa ya fi dacewa da rana. Silikon yana da tasa asarar ta cikin gida, shi ya sa masu bincike a cibiyar Fraunhofer ISE ta Jamus suka sa iyakarsa a kashi 29.4 a shekarar 2013. Amfanin sanin wannan ga mai awo shi ne, fitilu biyu za su iya ba da wat 1000 daidai wa daida, amma ɗaya ta tara ƙarfinta a inda ƙwayar ke ji, ɗayar kuma a inda ba ta ji, sakamakon awon ya sha bamban. Akwai misali mai ƙarfi: a 2021 wannan cibiya ta Fraunhofer ta auna ƙwayar da ta kai kashi 68.9, amma a ƙarƙashin hasken lesa mai launi ɗaya tak, na nanomita 858, wanda aka daidaita da sinadarin ƙwayar. Lambar gaskiya ce, amma wanda ya jera ta kusa da kashi 22 na farantin kan rufi ya haɗa abubuwan da ba su da dangantaka.

Da yake ba za a zauna jiran ranar da sama za ta yi daidai da jadawali ba, ana yin awon a ɗaki, da fitilar da ke kwaikwayon rana. An daɗe ana amfani da fitilar iskar zenon, domin haskenta ya yi kusa da na rana, sai dai tana da tsinin ƙarfi a tsakanin nanomita 800 zuwa 1000 waɗanda sai an rage su da gilashin tacewa. Yanzu fitilun LED masu launuka da yawa suna ƙara samun karɓuwa, saboda ana iya ƙara ko rage kowane launi shi kaɗai. Ana ba fitilar daraja a kan abu uku: yadda launukanta suka bi jadawalin, yadda haskenta ya bazu daidai a kan wurin gwaji, da yadda ƙarfinta ke tsayawa ba ya rawa. Fitilar da ta sami harafin A a kowanne ita ce ake kira AAA, kuma a 2020 an ƙara matakin A+ a samansa. Abin da ya kamata a sani shi ne, darajar A a kan launi tana barin kowane yanki ya kauce har da kashi 25 sama ko ƙasa. Wannan rata ce babba. Mai bincike da ya rubuta cewa ya yi awo da fitila AAA, ya tsaya a nan, bai gama ba mu hujja ba.

Abin da ke cike giɓin shi ne ƙwayar ma'auni. Wata 'yar ƙwaya ce, galibi santimita 2 tsawo 2 faɗi, a rufe cikin akwatin ƙarfe mai tagar gilashi, wadda aka riga aka san yawan lantarkin da za ta fitar a ƙarƙashin rana ta yarjejeniya. Ana ajiye ta a wurin gwaji, a daidaita fitila har ta ba da wannan lamba, sannan a cire ta a sa ƙwayar da ake son aunawa. To ita kuma wa ya auna ta? Nan ne sarƙar ke tafiya baya, daga ɗakin bincike zuwa babban ɗakin bincike, har a kai ga tushe. Ɗaya daga cikin tushen yana garin Dabos a kan tsaunukan Suwizalan, inda tun ƙarshen shekarun 1970 ake ajiye da rukunin na'urorin da duniya ta amince su ne ma'aunin hasken rana. Yadda suke aiki abin sha'awa ne: haske ya shiga wani baƙin kogo ƙarami ya ɗumama shi, sai a rufe hasken, a ɗumama kogon da lantarki har zafin ya yi daidai da na ɗazu. Lantarkin da aka kashe shi ne ƙarfin hasken. Duk bayan shekara biyar, masana daga ƙasashe da dama suna kai na'urorinsu can, su jera su a rana su gwada da juna. Cibiyar awo ta ƙasar Jamus, PTB, tana da tata hanyar ta daban, wadda ke auna amsar ƙwayar ma'auni launi bayan launi. Yarda da lambar da ke bayan faranti, a ƙarshe, yarda ce da wannan sarƙa.

Ko da ƙwayar ma'auni, da sauran rina a kaba. Idan ma'aunin na silikon ne, wadda ake gwadawa kuma tana jin hasken da bai wuce nanomita 800 ba, to ma'aunin zai iya ƙoshi da hasken bayan ja, ya ce fitila ta cika, alhali yankin da ɗayar ke buƙata bai cika ba, ko kuma ya yi yawa. Maganin shi ne a auna abu huɗu, launukan fitila da na jadawali da amsar kowace daga cikin ƙwayoyin biyu ga kowane launi, a fitar da lambar gyara. Awon amsar ƙwaya ga launuka yana da wata fa'ida ta biyu wadda ni a ganina ita ce mafi kyawun tarkon kuskure a wannan fage. Idan ka san kason foton da ƙwaya ke kamawa a kowane launi, kana iya lissafa yawan lantarkin da ya kamata ta fitar a rana ta yarjejeniya, ba tare da ka kunna fitilar ba. Idan wannan lissafi da awon fitila suka yi hannun riga, akwai wanda ya yi kuskure. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature Photonics a 2014 ya bi ɗaruruwan rahotannin bincike kan ƙwayoyin da ake yi da sinadaran roba ya yi wannan kwatanci, ya tarar da kaso mai yawa sun faɗi lantarkin da ya zarce abin da awon launukansu ya yarda. A shekarar da ta biyo baya, mujallun gidan Nature suka fara neman duk mai kawo rahoton ƙwayar sola ya cike takardar da ke bayyana yadda ya yi awonsa dalla-dalla.

Sai ɓangaren lantarkin da ke fita. Ƙwayar sola ba ta da ƙarfi guda tsayayye, ya danganta da abin da aka jona mata. Kwatanta da bututun ruwa: idan ka rufe bakinsa ruf, matsin ruwan ya kai maƙura amma ko ɗigo ba ya fita, idan ka buɗe shi gaba ɗaya, ruwa na kwarara da yawa amma babu matsin da zai tura komai. Haka ƙwayar take. Idan wayoyinta biyu ba su haɗu ba, boltej ya kai ƙarshe, kwarara babu. Idan aka haɗa su kai tsaye, kwarara ta kai ƙarshe, boltej babu. A duka biyun ƙarfi sifili ne, domin ƙarfi shi ne boltej sau kwarara. Na'urar awo tana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, tana rubuta kwarara a kowane mataki, har zane ya fito mai kama da gwiwa. A kan gwiwar ne ƙarfi ya fi yawa, kuma shi ake ɗauka a lissafin inganci.

Daga zanen ana fitar da lambobi uku da ma'aikatan wannan fage ke magana da su kullum. A ce ƙwayar silikon mai kyau ta ba da bolt 0.74 a buɗe, da miliamfiya 42 a kan kowace murabba'in santimita a haɗe. Da za a sami biyun a lokaci ɗaya, da ƙarfin ya kai kusan miliwat 31. Amma gwiwar ba ta da kusurwa mai kaifi, abin da ake samu a kanta kamar kashi 85 ne na wancan, kuma wannan kaso shi ake kira cikar zane. Sakamakon ya zama miliwat 26.4, hasken da ya sauka kuwa miliwat 100 ne a kan murabba'in santimita, inganci ya zama kashi 26.4. Kowace lamba tana nuna inda ciwo yake. Kwarara ta yi ƙasa, to haske na tsallakewa daga fuskar ƙwayar ko layukan ƙarfe sun tare shi. Boltej ya yi ƙasa, to ilektaron suna komawa mazauninsu kafin a kwashe su, galibi saboda datti a cikin silikon ko fuskar da ba a lulluɓe da kyau ba. Cikar zane ta yi ƙasa, to akwai turjiya a hanyar da lantarki ke bi. Injiniya ya fi buƙatar waɗannan ukun fiye da lambar ingancin kanta.

Idan ka leƙa teburin awo, za ka ga faifan ƙarfe mai ruwan zinariya, da 'yan ramuka da ke tsotse iska don ƙwayar ta manne sosai, ruwa na zagayawa a ƙarƙashinsa yana riƙe zafi a digiri 25. Daga sama sanduna sirara masu jerin allurai suna sauka a kan layukan azurfa na fuskar ƙwayar. Wasu alluran na ɗaukar kwarara, wasu na auna boltej kawai, domin babbar ƙwaya ta zamani tana fitar da fiye da amfiya 10 a ƙasa da bolt ɗaya, kuma ɗan turjiyar waya kaɗan ya isa ya cinye wani ɓangare na wannan boltej idan waya ɗaya ce ke aikin biyu. Sandunan kansu suna yin inuwa, sai an cire tasirinta a lissafi. Har faifan ƙasa ma yana da ta cewa: ƙwayoyi da yawa yanzu suna karɓar haske ta baya, don haka faifai mai sheƙi zai mayar musu da hasken da ya ratsa, ya ƙara musu lamba, baƙin faifai kuwa ba zai yi haka ba. Takardar shaidar awo ta ƙwarai tana faɗin irin faifan da aka yi amfani da shi.

Faɗi kamar shi ne mafi sauƙi, amma a ƙananan ƙwayoyin ɗakin bincike nan ne kuskure ya fi saurin shiga. Ƙwaya mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in santimita gefenta bai kai milimita uku da rabi ba. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowane gefe zai canza faɗin da kusan kashi 6, ya mayar da inganci 20 ya zama 21 da 'yan kai. Bayan haka, hasken da ya sauka a gilashin da ke kewaye yana iya bin cikin gilashin ya shigo ta gefe, ƙwayar ta sami hasken da ba a lissafa ba. Shi ya sa ake rufe ta da baƙin marufi mai taga wadda aka auna girmanta da na'urar hangen ƙananan abubuwa. Kuma dole a faɗi wane faɗi ake nufi, na ƙwayar gaba ɗaya har da gefuna da layukan ƙarfe, ko na tagar kaɗai.

Zafi ba ya buƙatar dogon bayani. Duk ƙarin digiri ɗaya yana rage wa ƙwayar silikon kimanin milibolt 2, abin da ke cinye tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.45 na ƙarfinta, gwargwadon irin ƙirar.

Lokaci shi ne sharaɗin da aka daɗe ba a damu da shi ba, sai da sinadarin ferobiskait ya zo, wani sabon sinadarin kama haske da ake shimfiɗawa siriri. A 2009 ƙungiyar Tsutomu Miyasaka a Japan ta ba da rahoton ƙwayar farko ta wannan sinadari, da inganci kashi 3.8. Cikin 'yan shekaru lambar ta yi ta hawa da saurin da ba a taɓa gani ba, har ta wuce kashi 25. A tsakiyar wannan tsere ne aka lura da wani abu mai tayar da hankali, wanda ƙungiyar Henry Snaith ta Jami'ar Okusfod ta bayyana a 2014: idan aka yi awo daga boltej mai yawa zuwa sifili, a sami zane ɗaya; idan aka juyo daga sifili zuwa sama, a sami wani daban; idan aka canza sauri, zanen ya sake canzawa. Babban dalilin shi ne, a cikin ferobiskait akwai ƙwayoyin sinadari masu caji da ke matsawa a hankali idan boltej ya canza, sai zanen ya zama hoton halin da ƙwayar ke ciki na ɗan lokaci. Mai son babbar lamba yana iya zaɓar alkibla da saurin da suka fi yi masa daɗi, ya buga, ba tare da ya rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Gyaran da aka yi shi ne a riƙe ƙwayar a kan gwiwa na tsawon mintoci, ana bin ƙarfinta har ya daidaita, wannan daidaitaccen ƙarfi shi ne abin lissafi. Ina ganin wannan na daga cikin gyare-gyare mafi muhimmanci da fagen ya yi wa kansa, domin ya dawo da awo ga tambayar da mai amfani da wuta ke yi, wato nawa ƙwayar ke bayarwa idan an bar ta tana aiki. Silikon ma bai tsira ba gaba ɗaya. A masana'anta ana auna faranti da walƙiyar fitila ta 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa, kuma ƙwayoyin zamani masu boltej mai yawa suna tara caji a cikinsu, ba sa iya bin wannan sauri sai an tsawaita walƙiyar ko an yi gyara a lissafi.

Ƙwayoyi masu hawa biyu ko fiye sun ƙara wa aikin nauyi. Hikimarsu ita ce a ɗora sinadarin da ke kama shuɗi a sama, wanda ke kama ja a ƙasa, a rage asarar nan biyu da aka ambata. Ta haka ne ake tsallake iyakar Shockley da Queisser: a 2023 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 da ferobiskait a kan silikon, a 2022 kuma Fraunhofer ISE ta kai kashi 47.6 da ƙwaya mai hawa huɗu, a ƙarƙashin hasken da aka tattara ya ninka na rana sau 665. Sai dai idan hawayen suna jere a kan hanya ɗaya, wanda ya fi rauni shi ke yanke yawan kwarara. Fitilar da ta ɗan yi shuɗi da yawa za ta ƙoshar da na sama ta bar na ƙasa da yunwa, kuma kwarara da cikar zane duka su canza. A nan lambar gyara ɗaya ba ta isa ba, sai an daidaita fitila ta yadda kowane hawa zai sami daidai abin da rana ta yarjejeniya za ta ba shi, kuma wannan na buƙatar fitilu biyu ko fiye da ake sarrafa su daban-daban.

Saboda yawan waɗannan ramuka, ba a karɓar iƙirarin kafa tarihi daga bakin mai ƙira. Sai ya aika ƙwayar zuwa ɗaya daga cikin 'yan cibiyoyin da aka amince da su, irin su Fraunhofer ISE da ISFH a Jamus, AIST a Japan, ko cibiyar Tarayyar Turai da ke Isfara a Italiya. Ɗakin binciken NREL na Amurka ya shafe shekaru da dama yana wannan aiki, kuma jadawalinsa na tarihin inganci ya shahara a duniya. A 1993 Martin Green da abokan aikinsa suka fara buga teburan inganci sau biyu a shekara a mujallar Progress in Photovoltaics, da sharaɗin cewa ƙwayar da za ta shiga babban tebur ta kai murabba'in santimita 1. A waɗannan tebura kowace lamba tana tafe da iyakar shakkarta. Ƙwayar kamfanin Kaneka ta Japan da ta riƙe kambun silikon daga 2017, an rubuta ta kashi 26.7, da yiwuwar sama ko ƙasa da 0.5. A 2022 LONGi ta karɓi kambun da 26.81. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai iyakar shakkar awon ba. Wannan bai rage darajar aikin ba, kuma shekarun da suka biyo baya sun tabbatar da cewa ci gaban na gaske ne, tunda silikon ya wuce kashi 27. Amma 'yan jarida da masu talla da ke yanke iyakar shakka su bar lambar tsirara, sun cire wa mai karatu rabin bayanin. Hawan da ya cancanci a yi murna da shi ana ganinsa ne a tsawon shekaru: daga kusan kashi 6 na ƙwayar da Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson suka ƙera a Bell Labs a 1954, zuwa inda ake a yau, dab da iyakar silikon.

Tsakanin ƙwayar da ta kafa tarihi da farantin da ke kan rufi kuma akwai tazara. Faranti yana da gilashi mai mayar da wani haske, da sarari tsakanin ƙwayoyi, da firam, da wayoyin haɗi, shi ya sa farantan kasuwa masu kyau suke tsakanin kashi 21 zuwa 24. Sannan sharuɗɗan gwaji ba kasafai suke haɗuwa a fili ba, domin hasken da ya kai wat 1000 shi ne kuma ke gasa farantin. A rana mai ƙarfi zafin ƙwaya na iya kai digiri 60. Idan asarar kashi 0.35 ce a kowane digiri, farantin nan namu na wat 400 zai ba da kusan 350, kuma bai yi laifi ba, bai kuma saɓa alƙawari ba. Wasu masana'antu suna ƙara lamba ta biyu a takardar bayani, wadda aka auna a haske wat 800 da iskar waje digiri 20, kuma ta fi kusa da abin da za a gani. Ƙa'idar IEC 61853 ta matsa gaba, tana auna faranti a matakan haske da zafi da yawa, sannan ta lissafa makamashin da zai bayar a shekara a yanayoyi daban-daban. Farantai biyu masu inganci ɗaya a ɗakin gwaji suna iya bambanta a ƙarshen shekara, idan ɗaya ya fi jure zafi ko ya fi aiki da raunannen haske na safe da yamma.

Akwai mai cewa tunda hasken rana kyauta ne, me zai sa a damu da kashi ɗaya ko biyu? Hasken kyauta ne, amma gilashi da ƙarfen ɗauka da wayoyi da fili da aikin kafawa duk ana biyansu gwargwadon faɗi. Ƙarin inganci yana nufin ƙarin wuta daga kayan nan guda, shi ya sa masana'antu ke fafatawa a kan ƙarin kashi 0.1 cikin ɗari.

Abin da lambar inganci ba ta ɗauke da shi sam shi ne tsufa. Awon na ranar farko ne. Farantan silikon suna zuwa da garantin ƙarfi na shekara 25 ko fiye, kuma kafin a sayar da su ana sa su a gwajin azaba na ƙa'idar IEC 61215: awa 1000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85, da zagaye 200 tsakanin digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85 sama. An tsara waɗannan gwaje-gwaje ne bisa irin lalacewar da aka gani a farantan silikon a fili, kamar tsatsa da tsinkewar haɗi da ɓallewar rufi. Ferobiskait yana lalacewa ta wasu hanyoyi, musamman idan haske da zafi suka haɗu a kansa yana aiki, abin da gwajin laima a cikin duhu ba ya nunawa. A 2020 masu bincike da dama suka fitar da matsaya ɗaya a mujallar Nature Energy kan yadda za a riƙa gwada ɗorewar irin waɗannan ƙwayoyi da ba da rahotonta, har da faɗin tsawon lokacin da ƙwaya ke ɗauka kafin ingancinta ya sauko zuwa kashi 80 na yadda ya fara.